Bujin Surukina

Na dawo Madarumfa daga Yamai da akwatin kayan gyara, da tari irin na wanda ya daɗe yana shaƙar hayaƙin garaji, da wata doguwar kalmar Faransanci da nake taunawa safe da yamma. A Maraɗi na koyi gyaran inji, a Yamai na yi shekaru a ƙarƙashin motocin mutane. Can na shiga sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, can kuma na gamu da wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, da ya bar koyarwa, yana kawo mini babur ɗinsa gyara yana biyana da ƙasidu da surutu. Shi ya ɗora ni a kan abin da yake kira anarko-sandikalisim. In aka cire wa kalmar rawaninta, abin da ke ciki bai da yawa: masu aiki su riƙe aikinsu da kayan aikinsu, su yanke shawara da bakinsu a gaban juna, ba maigida, ba shugaba, ba mai wakiltar wani. Ni da na gaji da wanke wa maigidan garaji motarsa ranar hutuna, maganar ta zauna mini daram.

Da garajin ya rufe na tattaro na dawo gida. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yanka mini wani siririn fili a gefen lambunsa na bakin tafki, ya ce in gwada albasa ko Allah zai sa in daina wa'azi a majalisar shayi. Bai san wa'azin zan ɗauko in kai masa har cikin lambu ba.

Mu huɗu ne lambunanmu ke jere a wannan gefen. Ni da Kawu, sai wani ɗan mishan da iyayensa suka zo daga Maraɗi, mutum mai sanyin magana wanda bai taɓa gardama da kowa ba sai da jakinsa. Na huɗu wani tsohon masunci ne. Ya yi ƙuruciyarsa a kan gora yana jefa koma a tafkin nan, har bayansa ya ƙi, ya fito tudu ya kama lambu. Kowa a unguwa ya san abin da yake tsoro a duniya, domin bai ɓoye shi: kada ya zama tsohon da ake aika wa tuwo a rufe daga gidan wani. Albasar nan ita ce ke sa ya auna hatsi da hannunsa ya ba iyalinsa.

A lokacin injin ban ruwa na wani ɗan kasuwa muke haya. In ya ga dama ya aiko shi da safe, in ya ga dama sai rana ta take, in kuwa wani mai babban lambu ya yi masa murmushi, mu sha kallon tafki. Sai muka haɗa ƙarfi muka sayi wani mataccen inji a Jibiya, na baje shi a kan tabarma na tashe shi. Ranar da ya fara tofo ruwa, Kawu ya ce to, sai a naɗa wanda zai riƙe shi, kuma tun da ni na gyara, ni ne sarkin inji.

Na miƙe tsaye na yi musu jawabi. Har yau in na tuna shi sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Na ce daga riƙe inji sarauta take farawa. Na ce duk wanda inji ya kwana a gidansa, shekara ba za ta zagayo ba sai ya zama ɗan kasuwan da muka gudo. Na kira su kamarad ɗaya bayan ɗaya, har da Kawu wanda ya goya ni. Sannan na fito da dabarar da na kwana biyu ina ji da ita: a raba injin. Gangar jikinsa ta zauna a bakin tafki ɗaure da sarƙa a gindin gawo, amma kowa ya tafi gida da wani sashe da inji ba ya tashi sai da shi. Na sake wa tankin isansi, wato fetur, mazauni yadda za a ɗage shi da hannu, na ba Kawu. Ɗan mishan ya ɗauki tiyo, daga nan ma sunansa ya koma Mai-tiyo. Ni na riƙe igiyar tayarwa da ƙarfen da take naɗe a ciki. Tsohon masunci aka ba buji, wato filogin da ke ba inji wuta, da ɗan lakile, sifanar ɗaure shi. Doka kuma guda biyu na kawo: kowa ya kawo sashensa da hannunsa, ba aike, ba wakili, kuma ba a sake doka sai mu huɗu muna zaune kowa ya ce ya yarda.

Kawu ya ce bai taɓa ganin wanda ya gyara abu don ya lalata shi ba sai ɗan 'yar uwarsa. Mai-tiyo ya ce shi ba ya da ja, muddin an san ran Lahadi da safe tiyo na coci. Tsohon masunci kuwa ya tsaya yana jujjuya bujin a tafin hannunsa. Can ya ce, "Wanga yaro gaskiya garai. Ni na yi zama ƙarƙashin sarkin ruwa, na san yadda mutum ka kumbura in anka ba shi igiya."

Ashe na yi almajiri guda ɗaya a duk faɗin ƙasar Maraɗi, kuma ya fi ni imani da karatun. Raninmu na farko shi ne abokin gardamata. In inji ya kama, ruwa na tafiya, sai mu zauna a kan tushen gawo mu yi ta yi. Ya ce in babu shugaba wa zai ja salla, in ce liman ba ya riƙe maka hatsinka. Ya ce ai wasu suna riƙewa. Ya kira ni ɗan takarda, in kira shi kamarad mai gora. Mukan ci rogo a kwano ɗaya, in ya ga na yi loma babba ya ce a kira taro. Ban taɓa jin daɗin musu da wani mahaluki kamar yadda na ji da shi ba.

Sai na je na auri 'yarsa.

Ba wanda ya tilasta wa kowa. Tela ce, tana da kekenta a rumfar bakin kasuwa, na kai mata wando ta ɗinke mini gwiwa, ta ce wandon ya fi mai shi hankali tun da shi ya san inda ya yage. Daga nan wandunana suka riƙa yagewa ba dalili. Bayan kaka aka ɗaura aure. A duk lissafina na abin da ke raba mutane, na sa dukiya, na sa sarauta, na sa takardar lakwal, wato ta boko, amma ban sa surukuta ba. Kuma ita ce 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta bai taɓa kamawa ba tun da aka haife ta, sai dai ya ce yarinyar can. Mijin 'yar fari kuwa, a wajen mutumin zamaninsa, ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, in an hango shi a hanya sai a tuna ana da wani uzuri a wata hanyar.

Na ɗauka ni na wuce wannan. Na gaya wa amarya cewa al'adun nan na durƙushe-durƙushe su ne ke koya wa talaka sunkuyar da kai. Ta ce to. Kwana kaɗan bayan biki muka yi kiciɓis da ubanta a lungun masallaci. Ban san lokacin da takalmana suka fita daga ƙafata ba. Na tsinci kaina a tsugune a cikin ƙasa, kaina a ƙasa, ina cewa Baba ina kwana da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Shi kuma ya juya fuska ga bango ya amsa wa bangon. Da na koma gida na tarar labarin ya riga ni, ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce, "Sannu da zuwa, kamarad. An ce ka yi jawabi."

Ruwan tafki ya fara ja, aka yi dashen albasa, lokacin inji ya yi. Ranar farko na iso da igiyata, Kawu da tankinsa, Mai-tiyo da tiyonsa a kan amalanken jaki. Ya sauke, ya yi ta 'yan kame-kame, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da buji naɗe a tsumma. Ya ce tsoho ya ce a gaishe mu, ga buji, a yi ta aiki, shi ya fita.

Nan na yi wayona na biyu. Na lissafa cewa in na ƙi karɓa, inji ya tsaya, dole ya zo don kada ya kashe wa mutane shuka. Na gyara murya na ce doka ta hana aike, a mayar masa. Mai-tiyo ya dube ni yadda yake duban jakinsa in ya tsaya a tsakiyar hanya, ya mayar da bujin aljihu. Tsoho bai zo ba. Washegari ma bai zo ba. Dashe ya fara kwantawa. Kawu ya hau motar Maraɗi da safe ya dawo da azahar, ya fito da sabon buji a cikin kwalinsa ya ɗaura. Ni bakanike, mai shekaru a garaji, na gina mulkin ma'aikata kacokan a kan abin da ake sayarwa a kowane tebur na bakin tasha. Na ja igiya ba tare da na ɗaga kai ba, inji ya tashi.

Mu uku muka samu ruwa, tsoho kuwa ya koma ga jarka. Ya yanke bakin jarkoki biyu ya ɗaura musu igiya, yana gangarawa tafki yana ɗebowa. Tafkin kuwa kullum ƙara nisa yake, yana barin laka mai kama ƙafa. Ina daga lambuna ina hango shi ta gefen ido: ya taka kaɗan ya ajiye, ya dafe ƙugu, ya dubi sama, ya sake ɗauka. Mutumin da bayansa ya raba shi da sana'ar ubansa. Ruwan injina na gudu yana sheƙi a kwalbatin ƙasa taku kaɗan daga shukarsa da ke yin rawaya. Tausayi ya kama ni, haushin kaina ya kama ni, kuma ba ni da bakin da zan ce masa ko sannu.

Mun gwada ta bayan gida. Da sassafe kafin ya fito, Mai-tiyo ya karkata tiyo ya cika masa fangali biyu. Da tsoho ya iso ya ga ƙasa a jiƙe, bai yi faɗa ba. Ya ɗauki fartanya ya ja tudun ƙasa a iyakarsa da mu, ya tattake shi da ƙafa. Da yamma saƙo ya iso ta bakin matata, ita ma ta bakin innarta ta ji. Ya ce an gode, amma ruwan da bai sa hannu an tada shi ba sadaka ne, shi kuwa bai kai ga karɓar sadaka daga gidan suruki ba tukuna.

Sai na aika ta wannan doguwar hanyar, daga ni zuwa matata, daga ita zuwa inna, cewa an soke dokar aike, ya riƙa ba Mai-tiyo buji ana lissafa shi a cikinmu. Ni mai tsine wa wakilci, ga ni da wakilai biyu a jere. Amsa ta dawo ta inda ta tafi. Matata ta zauna a bakin gado ta faɗa mini ita tana kwaikwayon muryarsa: "Ku ce ma yaron, ba a sake doka sai mu huɗu muna zamne, shi ya hwaɗi haka da bakinshi. In anka sake ta don ni surukin wani ne, to sarautar da munka guda ke nan ta shigo ta ƙohwar ɗaki."

Na ce mata ai ubanki ya fi ƙarfina. Ta ce ba ubanta ba ne ya fi ƙarfina, karatuna ne ya komo mini a bakin wanda ya haddace shi. Sannan ta daina dariya. Ta ce bujin na aljihun rigarsa tare da tasbaha, da ya zauna sai ya fito da shi yana kankare bakinsa da tsinke. Ta ce innarta ta fara rage awo ba tare da ta gaya masa ba. Ta ce in albasar bana ta mutu, dole mu riƙa aika musu da abinci, kuma ta san ubanta, zai ci don kada ya kunyata ta, amma daga ranar ya gama zama mutum a wajen kansa. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan.

Na koma ga ƙasidun tsohon mushe na karkaɗe su. Akwai yadda za a yi da maigida, da ɗan sanda, da shugaban sandika in ya ci amana. Babu shafi ko ɗaya a kan mutumin da kake ƙauna kuma ba ka iya duban fuskarsa.

Akwai darnin kara da ya raba lambun tsoho da na Kawu, an kafa shi saboda iska da awaki. Wata safiya ina tsugune a gindinsa ina ɗaure inda tiyo ke yoyo, tarin nan nawa na garaji ya taso mini. Na yi ta yi har idona ya kawo ruwa. Sai na ji murya daga ɗaya gefen, kusa ƙwarai, ta ce, "Mai tari bayan darni, Allah shi sawwaƙe."

Na ce amin. Na kai hannu ga takalmi, sai na tuna ba ya ganina. Na zauna ina jiran in ji tafiyarsa, ban ji ba. Ya ajiye jarka, ya yi nishi irin na mai miƙe baya. Can ya ce, kamar da kara yake magana, "Injin can muryatai ta sake. Ba bujinshi ba ne a ciki, shi ya sa."

A matsayina na bakanike, na san wannan magana ba ta da tushe. Bujin Kawu sabo ne fil, ya fi nasa da ya sha kankara da tsinke. Inji bai taɓa yin lafiyayyar ƙara irin ta wannan rani ba. Na buɗe baki na ce, "Gaskiya ne, Baba. Ni ma na ji."

Sannan ya ɗauki jarkokinsa ya gangara. Ni kuwa na zauna ina duban karan nan. Tun biki ba mu yi magana mai tsawon wannan ba, kuma abin da ya sa ta yiwu yana gabana, ɗaure da igiyar kaba. Na yi ta neman yadda zan cire kunya daga cikin mutum, alhali shi ba ya son a cire ta, ni ma da na duba ba na so. Wuri kawai take nema a jikin injin, kamar yadda na yi wa tanki mazauni.

Na sayo zana biyu, na sari itace na kafa, na tsaga gindin gawon gida biyu, inji a tsakiya. Gefen da buji yake ya dubi tafki, inda hanyar tsoho take. Gefen igiya ya dubi gari, inda nake fitowa. Na ƙara wa igiyar tsawo na zura ta cikin guntun bututu da na soke a jikin zana, don in ja daga nesa. Wajen bututun hayaƙi na sa tsohon kwanon rufi kada zana ta kama wuta mu yi abin kunya na gaske. Kawu ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Ya ce, "Ba kai ne ka ce a rushe duk abin da ya raba mutum da mutum ba? Yanzu ga ka kana ginin katanga da kuɗinka." Na ce masa wannan ba katanga ba ce, sashen inji ce. Ya ce to Allah ya ba inji lafiya. Ya sunkuya ya kwance sabon bujinsa ya jefa a aljihu, ya ce da Mai-tiyo in ya wuce ta ƙofar tsoho ya ba shi labari, ba kira ba, labari kawai, cewa bujin Maraɗi ya ɓace kuma inji ya kwanta. Mai-tiyo ya ce shi ba ya ƙarya. Kawu ya fito da bujin ya wurga shi cikin tafki, ya ce yanzu fa.

Washegari muka hallara muka zauna. Rana ta fito ta fara cizo. Kawu ya fara duban inda bujinsa ya nutse da wata irin fuska. Ni ina bayan zana, riƙe da igiya, ina tunanin in bai zo ba na kashe lambu huɗu maimakon ɗaya. Sai na ji jakin Mai-tiyo ya motsa, na ji Kawu ya ce sannu da fitowa. Ta ƙarƙashin zana na ga ƙafafu biyu masu faso a cikin takalmin taya, laka ta bushe a kansu. Na zare nawa takalman na ajiye gefe, ko da yake ba mai ganina.

Ya daɗe a tsaye. Ya zagaya gefensa, ya ƙwanƙwasa kwanon da yatsa, ya girgiza itacen ya ji ko ya kafu. Sannan na ji ƙarar lakile a jikin ƙarfe. Ya yi gyaran murya ya ce, "Kai inji, an ce ka kwanta. To ka hwaɗa ma mai igiya, ni na gama nawa."

Na ja. Inji ya yi tari ya mutu. Na sake ja, ya sake mutuwa. Gumi ya karyo mini. Daga bayan zana muryar ta ce, "Inji, tambaye shi, takardun Yamai ba su koya mishi jan igiya ba?"

Kawu ya fashe da dariya. Ni kuwa wani abu da ya daɗe a maƙale ya taso mini, kafin in tare shi ya fito. Na ce, "Inji ya ce a duba ko mai buji ya ɗaure shi da kyau."

Dariyar Kawu ta tsaya cak. Mai-tiyo ya sunkuya yana gyara abin da bai lalace ba. Na mayar wa surukina magana a gaban mutane, na ji kamar in bi bujin Kawu cikin tafki. Sai na ji wani ɗan sauti daga can gefen, irin na tsoho mai danne dariya ta hanci. Lakile ya sake yin ƙara, sau ɗaya, a hankali. Na ja igiya, inji ya kama.

Aka zo kan wa za a fara ba ruwa. Mu uku muka ce shi. Ya ce wa inji a bi layi yadda aka saba, yau na Kawu ne. Mai-tiyo, wanda bai taɓa gardama da mutum ba, ya ce tiyo sashensa ne, kuma yau ƙafarsa can ta nufa, in akwai mai ƙara a kira taro. Ya saɓa tiyo a kafaɗa ya tafi. Na leƙa ta gefen zana na hango tsoho daga baya, yana rushe tudun iyakar nan da fartanya.

Fangalin da ke can ƙarshe sun riga sun tafi, ba su dawo ba. Sauran suka farfaɗo. Bai samu abin da ya saba samu ba a shekarar, amma ya auna hatsinsa da hannunsa har damina ta faɗi, kuma ba kwanon da ya fita daga gidana ya nufi nasa. Ranar da ya cire albasa na tarar da 'yar tsibi a gefena na zana. Mai-tiyo ya ce tsoho ya ce ta inji ce.

Haka muka yi rani bayan rani. A lungun masallaci ina tsugunawa yana amsa wa bango, a gindin gawo kuwa ba abin da ba mu faɗa wa injin nan ba. Ya ji gardamar liman da hatsi daga inda muka tsaya. Ya ji cewa mai igiya ya fara tumbi. Da matata ta haihu, inji aka fara yi wa barka, aka ce ya gaya wa mai igiya ya rage surutu ya ƙara noma. Taronmu ma a nan muke yi, biyu a gefe ɗaya, biyu a ɗayan, kowa ya ce ya yarda da ƙarfi don a ji shi a hayin zana. Ban san abin da tsohon mushe zai ce ba in ya ga wannan sandika, amma ita kaɗai na taɓa gani ba ta da shugaba.

Surukina ya rasu da damina, lokacin da inji ke hutawa. Bayan an share makoki matata ta kawo mini buji naɗe a tsummansa, ta ce a aljihunsa aka same shi. Da rani ya zo Kawu da Mai-tiyo suka ce ni zan riƙe shi kafin ƙanenta ya karɓi lambun. Na iso gindin gawo da igiya a hannu ɗaya, buji a ɗayan, na tsaya. Duk shekarun nan, ko sabunta zana za a yi, Mai-tiyo ke kama can gefen. Ban taɓa takawa ba. Na zare takalmi na zagaya.

Wurin ƙarami ne, ya share shi tas. Ga dutsen da yake zama a kai, ga ƙusar da yake rataye lakile. Na zauna a kan dutsen don in ɗaura buji, na ɗago kai. Daidai idon mai zaune akwai wata 'yar kafa a jikin zana, an buɗa ciyawar da yatsa an tura guntun kara don kada ta rufe. Na sa ido. Ana ganin bakin bututu, da inda nake tsayawa in ja igiya, da inda nake ajiye takalmana kowace safiya ina tsammanin ba mai ganina.

Kawu ya kira ni daga can gefen ya ce rana na yi. Na ce masa ina zuwa, buji ne bai ɗauru ba tukuna.